Otal, Riyad ko Gidan Haya: Sharhi Kan Masaukin Mai Ziyara a Birnin Fas

Mutanenmu da suke niyyar zuwa birnin Fas na ƙasar Maroko sukan zuba ƙarfinsu gaba ɗaya a kan neman biza da tikitin jirgi, su bar maganar masauki sai tafiya ta ƙarato, sannan su ɗauki waya su zaɓi ɗakin da hotonsa ya fi kyau ko kuɗinsa ya fi sauƙi. A wasu biranen yin haka ba ya jawo wata babbar matsala. Amma a Fas, wurin da mutum ya sauka shi ne zai tabbatar masa ko zai sami sallar asuba a zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, ko kuwa sai hantsi ya dubi ludayi zai iso ta a galabaice. Na sauka a duka irin masaukai ukun da baƙo yake zaɓa a tsakaninsu, wato otal na zamani, da gidan gargajiya da suke kira riyad, da gidan haya irin wanda ake kamawa ta intanet, kuma abin da na gani ya tabbatar mini cewa ƙafar matafiyi da shekarun abokan tafiyarsa su ya kamata a fara dubawa kafin a dubi farashi.

Dalili kuwa yana cikin tsarin garin. Fas gari uku ne a haɗe. Akwai tsohon birni, Fas el-Bali, wanda aka soma kafawa a ƙarshen ƙarni na 8 zamanin Idrisu na ɗaya, ɗansa Idrisu na biyu kuma ya faɗaɗa shi. Akwai Fas Jadid da sarakunan Banu Marin suka gina a shekarar 1276. Sai sabon gari da Faransawa suka shata bayan sun karɓi ikon ƙasar a 1912. Abin da yake kai mu Fas kusan duk a tsohon birnin yake: masallacin Ƙarawiyyin da Fatima al-Fihriyya ta assasa a shekarar 859, da hubbaren Idrisu na biyu, da zawiyar Shehu Tijjani a unguwar Blida, inda aka binne shi bayan rasuwarsa a 1815. Wannan birni, wanda hukumar UNESCO ta saka cikin wuraren tarihi na duniya a 1981, mota ba ta shiga cikinsa. Lungunansa dubbai ne, wasu ba sa ɗaukar mutum biyu a jere, kuma kaya a bayan jaki da alfadari da amalanke suke tafiya. Bugu da ƙari a cikin kwari yake zaune. Wanda ya shigo ta Bab Bujulud, ƙofar nan mai shuɗin ado da aka gina a 1913, zai yi ta gangara a kan titin Tala'a Kabira na kimanin minti 20 ko fiye kafin ya kai wajejen zawiya, komawa kuma hawa ne tun daga farko har ƙarshe. Wanda tasi ta sauke a dandalin Rasif, inda titin mota yake ƙarewa can ƙasan kwarin, tafiyar da ta rage masa ba ta wuce ta minti 10 ba. Wannan bambanci ba ya fitowa a hotunan da masu masauki suke sakawa, alhali shi ne abin da baƙo zai fi ji a jikinsa kowace rana.

Yawancin otal-otal na zamani a sabon gari suke, a kewayen titin Hassan na biyu da tashar jirgin ƙasa. Alherinsu a fili yake, ba ya buƙatar dogon bayani. Mota tana tsayawa a bakin ƙofa, akwai lif, akwai ma'aikaci a wurin karɓar baƙi dare da rana, ruwan zafi ba ya yankewa, ɗaki yana da na'urar sanyayawa da ta ɗumamawa, banki da kantin magani kuma suna kusa. Wanda ya taho daga Kasablanka a jirgin ƙasa, tafiyar kimanin awa 4 bayan doguwar tafiyar jirgin sama, zai gode wa Allah idan ya sami gado minti kaɗan da fitowarsa daga tasha. Ga wanda ya taho da mahaifi ko mahaifiya masu ciwon gwiwa, ko mai hawan jini ko ciwon suga da zai iya buƙatar likita cikin dare, ban ga abin da ya kai otal ba, kuma ba na shakkar ba shi wannan shawarar.

Aibinsa shi ne nisa. Kowace tafiya zuwa zawiya sai an nemi ɗaya daga cikin jajayen ƙananan tasin garin, waɗanda doka ta hana su ɗaukar fiye da mutum 3, don haka iyali mai mutum biyar mota biyu suke buƙata a kowane zuwa da kowace dawowa. Kuɗin ba shi da yawa idan direba ya kunna mita, sai dai da dare akwai ƙarin rabin kuɗi, kuma samun mota kafin ketowar alfijir ba abu ne da za a dogara da shi ba in ba an yi alkawari da direba tun da yamma. Abin da na lura shi ne masu sauka a otal sukan mayar da ziyararsu sau ɗaya a wuni, su tafi bayan azahar su tsaya har a kammala wazifa, su koma. Akwai kuma abin da mai zuwa ibada ya kamata ya sani tun daga gida: manyan otal-otal da dama suna da mashaya, wasu har da kiɗa cikin dare, kuma ba a kowane banɗaki ake samun abin tsarki da ruwa ba, saboda haka ƙaramar buta ta roba a cikin akwati ba ta da nauyi amma tana da rana.

Riyad shi ne masaukin da ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin shi ne abin da Fas take da shi wanda ba a ko'ina ake samunsa ba. Tsohon gida ne na attajirai ko malaman birni da aka gyara aka mayar masaukin baƙi. Daga waje ba a ganin komai sai doguwar katanga da ƙofar katako, an shiga ta wata karkatacciyar hanya mai duhu sai a ɓulla tsakar gida mai haske, da maɓuɓɓugar ruwa a tsakiya, a wasu gidajen da itatuwan lemo, ɗakuna kuma sun kewaye ta bene biyu ko uku, tagoginsu duk suna kallon ciki. Duk wanda ya tashi a cikin ganuwar Kano ko Zazzau ko Damagaram zai gane hikimar da take cikin wannan gini nan take, domin ita ce ta zaure da tsakar gida, wadda take kare mutuncin iyali daga idon mai wucewa. Bangon an lulluɓe shi da ƙananan fale-falen yumɓu masu launi da ake yankawa da hannu, samansu sassaƙen farar ƙasa, rufin kuma na katakon al'ul ne da ake kawowa daga duwatsun Atlas. Ƙananan gidajen da ba su da lambu a tsakiya ana kiran su dar, kuma sau da yawa sun fi araha alhali hidimarsu ɗaya ce.

Ba adon ne ya sa na fifita shi ba. Abu biyu ne. Na farko kusanci: wanda ya sauka a wajejen Rasif ko Saffarin ko Blida yana jin kiran salla daga masallatai da dama a lokaci guda, ya yi alwala a ɗakinsa ya taka zuwa zawiya, ya dawo ya huta, ya sake komawa la'asar ba tare da ya nemi mota ko ya yi ciniki da kowa ba. Ranar Juma'a, da ake cika zawiyar don zikiri daga la'asar zuwa magariba, wannan kusanci yana ba mutum damar zuwa da wuri ya sami wurin zama. Bayan sallar asuba da ta magariba kuma masallatan Maroko suna da al'adar karanta hizbi ɗaya na Alƙur'ani a tare da ruwayar Warshu, wadda duk wanda ya yi makarantar allo a ƙasarmu kunnensa ya san ta, kuma mai kwana a cikin birni ne kaɗai yake morar wannan zama ba tare da yana duba agogo ba.

Na biyu shi ne mutanen gidan. Riyad ba ya wuce ɗakuna kaɗan, don haka mai kula da shi yakan san kowane baƙo da sunansa. A gidan da na fi jin daɗinsa, mai kula da shi ya turo yaro da amalanke ya tarye mu a inda mota ta tsaya, ya raka mu zawiya da ƙafarsa a ranar farko yana nuna mana alamomin da za mu riƙe a kowace kwana, ya kuma gaya mana farashin da ya dace da jallabiya da takalmin fata kafin mu shiga kasuwa. Aikin fatoma ke nan sak, kuma Fas ta daɗe da saninsa, domin tsofaffin masaukan fatake da suke kira funduƙ, inda dabbobi da kaya suke ƙasa fatake suna sama, har yau suna nan a cikin birnin. Na Najjarin, wanda aka gina a farkon ƙarni na 18, yanzu gidan adana kayan tarihi na sassaƙa ne. Wannan rakiya ba ƙaramin abu ba ce, saboda taswirar waya takan rikice a cikin lungunan nan masu dogayen katangu, kuma akwai samari da suke tare baƙo su ce masa hanyar gaba a rufe take don su ja shi wani wuri su nemi lada. Karin kumallo yana cikin kuɗin ɗaki a mafi yawan gidajen: burodi, da wata waina mai ƙofofi da suke kira bagrir, da wata gurasa mai falle-falle da suke kira msemen, da zuma da man zaitun, da shayin na'a-na'a da ruwan lemo. Idan aka sanar da su tun da safe suna dafa abincin dare, kuma ɗajin, wato dahuwar nama da kayan lambu a kaskon yumɓu, da na ci a gidan ya fi na gidajen abincin bakin Bab Bujulud nesa ba kusa ba.

Sai dai dole in faɗi aibin riyad da irin ƙarfin da na faɗi alherinsa, domin masu talla ba za su faɗa ba. Matattakalarsa ƙunci gare ta, tana murɗawa, kuma kowane taki yana da tsawo fiye da wanda muka saba. Lif kusan babu shi sai a gidaje masu tsada ƙwarai. Na ga wata dattijuwa da 'ya'yanta suka kama mata ɗaki a bene na biyu saboda kyan hotonsa, wadda saukowa cin abinci ta zame mata aiki, har ta gwammace a kai mata sama. Wanda zai tafi da tsoho ya rubuta wa gidan tun kafin ya biya, ya nemi ɗakin ƙasa, ya kuma nemi a ba shi amsa a rubuce. Ɗakin ƙasan shi ma yana da nasa: ƙofarsa tsakar gida take kallo, inda ake cin abinci, haske bai cika shigarsa ba, kuma duk maganar da aka yi a gidan tana isa kunnen mai ciki. Wannan ya shafi mu ta fuska biyu, domin kamar yadda hirar wasu za ta dame mu, haka fitarmu da asuba da kiran waya da ƙarfi cikin dare suke damun maƙwabtan ɗaki, kuma ladabin baƙo ya haɗa da kiyaye wannan.

Sanyi ma abin lura ne. An gina gidajen nan ne don su kori zafi, kuma suna yin haka sosai a watannin Yuli da Agusta da zafin Fas yake kaiwa digiri 40 a wasu ranaku. Amma daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da dare yake sauka wajejen digiri 5 ga ruwan sama, ɗaki mai dogon rufi da daɓen fale-fale yakan yi sanyin da ya wuce hunturun da muka sani. A tambaya ko akwai na'urar ɗumama ɗaki, kada a wadatu da alkawarin ƙarin bargo. A tambaya kuma ko ana ba baƙo makullin ƙofar waje ko akwai mai gadi da zai buɗe masa kafin asuba, domin akwai gidan da na tarar an kulle ƙofarsa, mai makullin yana barci a wani ɗaki da ban san inda yake ba, jam'in asuba ya wuce ni ina tsaye a tsakar gida. Gidaje da yawa mallakar Turawa ne da suka saya suka gyara, wasunsu suna sayar da giya ga mai so, kuma tambaya ɗaya ta isa ta warware wannan. Wanda zai sauka a Blida ya sani cewa majemar Shuwara tana nan kusa, kuma idan iska ta juyo a lokacin zafi warin jima yana shiga har ɗaki.

Gidan haya, irin wanda ake samu a Airbnb ko Booking.com, lissafinsa daban ne, kuma yana yin kyau ne idan mutane suna da yawa kuma zaman zai ɗan yi tsawo. Iyali ko ayarin 'yan'uwa mutum shida ko takwas da za su kama ɗaki uku ko huɗu a otal za su iya samun gida guda mai falo da madafa a kan kuɗin da bai kai haka ba. Babbar ribarsa kuwa tukunya ce. Abincin Maroko yana da daɗi amma ba shi da yaji, zaƙi yana shiga har cikin nama, kuma dattawanmu sukan gaji da shi bayan 'yan kwanaki. Garin alkama mai tsaki-tsaki da muke tuƙa tuwon semo da shi yana ko'ina a kantunan ƙasar da araha, kasuwar Rasif kuma cike take da nama da kifi da kayan miya, saboda haka wanda ya ƙunso kuka da daddawa da yaji daga gida ya gama da matsalar ciki. Ga wanki, ga falon da za a yi jam'i da wazifa a tare, ga sakewar da mata suke samu ba tare da sun haɗu da baƙin maza a tsakar gida ba.

Amma a nan ne aka fi bukatar buɗe ido, domin babu wanda yake tsaye a kan hidimar baƙo. Farashin da ake gani da farko ba lallai ne ya zama na ƙarshe ba, sai a duba ko ya haɗa da kuɗin shara da ladan kamfanin. Mai gida yana iya soke alkawari ana gab da tafiya. Benaye da yawa a unguwannin da haya take da araha ba su da lif, kuma «kusa da tsohon birni» a bakin mai talla yana iya zama tafiyar da sai da mota. Mun taɓa tsayawa a bakin titi da akwatuna bayan isha muna kiran mai gidan da ya ce yana hanya, abin da ba zai faru a otal ba. Abin da ya fi waɗannan duka muhimmanci shi ne na'urar dafa ruwan wanka. A gidajen Maroko da yawa da tukunyar gas take aiki, kuma idan an kafa ta cikin banɗaki ko madafar da iska ba ta ratsawa tana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, wadda takan yi kisa a ƙasar a lokacin sanyi. Da an shiga gida a nemi inda take, a tabbatar tana da bututun da yake fitar da hayaƙi waje, a bar taga a buɗe idan ana amfani da ita, a rufe kan tukunyar kafin a kwanta. Kada kuma a yarda da mai gidan da ya ce a tura masa kuɗi kai tsaye don a kauce wa ladan kamfani, domin wanda ya yi haka ba shi da wurin kai ƙara idan ya iso ya tarar da wani a ciki.

Akwai wani nau'in hayar da ba a cika samu a intanet ba. A lungunan da suke kewaye da zawiya iyalai da dama suna ba da ɗakunan gidajensu ga masu ziyara, waɗanda mafi yawansu 'yan Senegal ne, har ma wasu 'yan kasuwar unguwar suna jin Wolof. Kuɗin yana da sauƙi, kusanci kuma babu wanda ya kai shi, amma sau da yawa kwanan a kan dogayen kujerun da suke jere jikin bango ne, banɗaki na tarayya ne, ciniki kuma baki da baki. Ya dace da matashi ko almajirin da ya saba da garin, ko wanda muƙaddaminsa ya haɗa shi da gidan da aka sani. Ban ba wanda zai je karon farko da iyalinsa shawarar ya dogara da shi ba.

Ɗan Najeriya yana buƙatar biza kafin ya shiga Maroko, kuma shaidar masauki tana cikin takardun da ake nema, jami'in filin jirgi ma yakan tambayi inda mutum zai sauka. Takardar otal ko ta riyad mai rajista, mai ɗauke da adireshi da lambar waya, ta fi sauƙin karɓuwa a kan saƙon wani mai gida a waya. A masauki mai rajista za a karɓi fasfo a cike takardar 'yan sanda, kuma akwai ɗan harajin kwana da ake biya a kan kowane mutum kowane dare, wanda sau da yawa ba ya cikin farashin da aka gani, sai a biya shi hannu da dirhami. Wasu masaukai sukan tambayi Musulmi mata da miji takardar aure, don haka a saka kofinta a jaka. Katin banki na naira yana da iyakar abin da yake biya a waje kuma yakan ƙi aiki, shi ya sa nake fifita ɗakin da ake kamawa a biya idan an iso, mai damar sokewa kyauta, a tafi da dala ko yuro a canza a can. Soket ɗinsu mai zagayayyun ƙafafu biyu ne irin na Faransa, wanda mutanen Nijar suka saba da shi, amma na Najeriya da Gana sai sun tafi da abin haɗi.

Idan aka ce in zaɓa wa mutum ɗaya ko mata da miji masu lafiyar ƙafa da suka zo ziyara ta 'yan kwanaki, riyad ko dar a wajejen Rasif zan zaɓa musu, ba na kusa da Bab Bujulud ba duk da cewa can ne masu yawon buɗe ido suka fi so. Idan akwai tsoho a tafiyar da zai iya taka minti 10 a hankali, ɗakin ƙasa a irin wannan gida ya fi masa otal. Idan ba zai iya ba, a sauka a otal a yi yarjejeniya da direba ɗaya da zai riƙa kai su Rasif yana ɗauko su. Ayari mai yawa ya kama gida, amma a bar wanda ya taɓa zuwa ya zaɓa. Ana kuma iya haɗawa, a yi daren isowa a otal kusa da tasha, washegari da rana a shiga birni, domin neman ƙofar riyad a cikin lungu bayan isha da akwatuna a hannu wahala ce da ba dole ba. A lokacin Maulidi, da masu ziyara daga Afirka ta Yamma suke cika unguwar zawiya, ɗakunan ƙasa da suke kusa su ne suke fara ƙarewa, saboda haka mai niyyar zuwa a watan Rabi'ul Awwal ya kama nasa tun watanni biyu ko uku kafin tafiya.